Zaɓen cike gurbi: yadda za ka yi kada ya wuce ka kana shago

Ranar da aka yi zaɓen cike gurbi na Akwatia a nan Gana, 2 ga Satumba 2025, gardama ta kaure a shagona a unguwar Aboabo ta Kumasi har keken ɗinki biyu suka tsaya. Babban yarona ya rantse cewa in ɗan majalisa ya rasu, wanda ya zo na biyu ne ke hawa kujerar. Ƙaramin ya ce ina, jam'iyya ce ke ɗauko wani daga cikin gida ta ɗora. Na bar su suka gaji don kansu. Dukansu suna da katin zaɓe a aljihu, kuma babu mai gaskiya a cikinsu. Sabon zaɓe ake yi, a mazaɓar nan kaɗai.

Ni a ƙofar gidanmu na fara ganinsa, ina yaron tela. Dakta Gibril Adamu Mohammed ya ci kujerar mazaɓarmu ta Asawase a Disamba 2004, bayan 'yan watanni Allah ya yi masa rasuwa, aka sake zaɓe a Afrilu 2005. Ta wannan ƙofa Muntaka Mubarak ya shiga majalisa. Tun daga nan na sha zama ejan, wato wakilin ɗan takara, a rumfar zaɓe, don haka abin da zan faɗa na gan shi da idona.

Fara da ƙirga kwana. Sashe na 112 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce Akawun Majalisa zai rubuta wa Hukumar Zaɓe cikin kwana 7 da samun labarin gurbin. Sannan a yi zaɓe cikin kwana 30 daga ranar da gurbin ya faru, in kuwa mutuwa ce ta kawo gurbin, cikin kwana 60. A lissafinmu na Zango, ana watsewa daga sadakar arba'in saura kwana 20 ke nan. Mu muna zaman makoki, 'yan siyasa sun riga sun buga fosta. Abu ɗaya ke hana zaɓen: in babban zaɓe ya rage wata 3 ko ƙasa da haka. Shi ya sa da aka kashe ɗan majalisar Mfantseman, Ekow Quansah Hayford, a Oktoba 2020, kujerar ta jira 7 ga Disamba.

Kuma ba mutuwa kaɗai ke kawo gurbi ba. Mutum zai iya ajiye aiki, ko ya sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya, ko ya ƙaurace wa zama 15 ba izinin Kakaki kuma ba hujja, ko kotu ta tsige shi. James Gyakye Quayson na Assin North, Kotun Ƙoli ce ta cire shi a 2023 kan batun takardar zama ɗan Kanada. Ya sake tsayawa ranar 27 ga Yuni, ya sake ci.

Sai ka binciki sunanka, tun makon farko. Da rajistar da ke ƙasa ake aiki, kada ka sa rai za a buɗe maka sabuwa. Nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Mutum ya shekara ashirin yana kwana a Sawaba, yana kasuwa a Kejetia, amma sunansa na Bawku ko Yendi domin can ya je ya yi rajista. Wannan ɗan kallo ne, komai zafin bakinsa a majalisar shayi. Duba lambar rumfa a jikin katinka, ka taka da ƙafarka ka ga wurin. In katin ya ɓata kada ka zauna a gida, muddin sunanka da hotonka na cikin rajista za a tantance ka.

Ka kuma lura da ranar. Kumawu a Mayu 2023, Assin North, Ejisu ranar 30 ga Afrilu 2024, da Akwatia, duk Talata aka yi su. Ranar aiki ce, kasuwa na ci, mai kaya na jiran ɗinkinsa. Ni tun mako guda nake gaya wa kwastomomina cewa ran nan shago sai bayan azahar.

Mai son tsayawa takara, nasa gajere ne: ɗan Gana, shekara 21, mai rajista, ɗan asalin mazaɓar ko mazauninta, ba bashin haraji, ba mubaya'a ga wata ƙasa. Masu rajista biyu su gabatar da shi, 18 su mara masa baya da sa hannu. Sarakuna doka ta hana su siyasar jam'iyya, don haka kada a ja Sarkin Zango cikin kamfe, a je gaisuwa a fito.

Amma fa gaskiyar magana, a mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, zaɓen na hannun daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓar ɗan takara, tun ranar fidda gwani. A Tamale Central, bayan rasuwar Ibrahim Murtala Mohammed a hatsarin jirgi mai saukar ungulu ranar 6 ga Agusta 2025, jam'iyyar NPP ba ta tsayar da kowa ba, ɗan takarar jam'iyyar NDC ya wuce ba hamayya. Ko akwati ba a fito da shi ba. Idan akwai daliget a layinku, shi za ka tare da maganar kwata da fitila kafin ya tafi. Sai dai kada ka ɗauka kullum haka ne. A Ejisu NDC ce ta zauna gefe, amma Kwabena Owusu Aduomi ya fito a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, sai da Kwabena Boateng na NPP ya yi gumi kafin ya ci.

Makonnin kamfe za ka ga abin mamaki. A babban zaɓe manyan nan sun rarrabu mazaɓu 276. A wannan kuwa dukansu kanku za su sauka, daga Ankara, wato Accra, da jerin motoci masu baƙin gilashi. Titin da ya shekara goma yana cin tayar aboboya, keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, sai ka wayi gari ana zuba masa kwalta. Atamfa, shinkafa, 'yan sidi a ambulan, duk za su zagayo. Mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne a doka, ni dai na faɗa. Abin da nake yi shi ne, duk wanda ya shigo layinmu neman ƙuri'a sai na ja shi bakin rafin Aboabo ya ga inda ruwa ke shiga ɗakunan mutane da damina, a gaban jama'a, ya faɗi abin da zai yi.

Samari, ku nake ji. Za a zo neman masu ƙirji, a ce tsaron akwati. Ku tuna Ayawaso West Wuogon, 31 ga Janairu 2019, da aka yi harbi a La Bawaleshie har aka kafa kwamitin bincike na Emile Short. A shekarar aka yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan daban siyasa, mai ɗaurin shekaru masu yawa. Wanda ya aike ka ɗansa na makaranta a Ingila. Kai mahaifiyarka ce za ta riƙa kai maka tuwo gidan yari.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe, a rufe ƙarfe 5 na yamma, kuma duk wanda biyar ta same shi a layi zai yi zaɓe. Sha kokonka da ƙose ka fita da wuri. Bar rigar jam'iyya a gida. Na'ura za ta karanta yatsanka, in ta ƙi a gwada fuska. Iyayenmu mata, a jinkirta lalle sai bayan zaɓe, yana wahalar da na'urar. Mu teloli da magina da masu wanki ma yatsunmu sun sha wuya, a wanke hannu a goge kafin a shiga layi.

Da an miƙo maka takardar ƙuri'a, juya bayanta tukuna. In babu hatimin Hukumar Zaɓe, mayar a buga, don ba za a ƙirga ta ba. Dangwala a gurbi ɗaya tak. Goge yatsan kafin ka naɗe, kuma ka fara naɗewa a tsaye, yadda ɗanyen tawada ba zai taɓa gurbin wani ba. In ka ɓata ta kafin ka jefa, kai wa shugaban rumfa ya ba ka wata. Kada ka ɗauki hotonta da waya, ko wa ya ce zai biya ka. Ba a neman rabin ƙuri'u kamar na shugaban ƙasa, wanda ya fi ko da ƙuri'a ɗaya ya ci.

Yanzu ga aikin ejan, inda nake so a buɗe kunne. Je tun ƙarfe 6. Ka ga akwatin wayam kafin a rufe shi, ka rubuta lambobin makullan roba da aka ɗaure shi da su, da lambar farko da ta ƙarshe ta kowane littafin ƙuri'a. Da yamma da waɗannan lambobin za ka yi magana, ihu ba ya ƙara ƙuri'a. A nan rumfar ake ƙirgawa, a bainar jama'a. Idonka kan tarin ƙuri'un da aka ce sun lalace, domin a zaɓen da mutane ba su fito da yawa ba, wannan ɗan tarin kan raba gardama. Kowace a ɗaga ka gan ta. In ba ka gamsu ba kana da damar neman a sake ƙirgawa sau ɗaya a wurin, na biyu sai a cibiyar tattara sakamako.

Sai takardar nan mai ruwan hoda da ake rubuta sakamakon rumfa a kai, wadda ta yi suna a shari'ar zaɓen 2012 a Kotun Ƙoli. Haɗa lissafin da kanka: ƙuri'un 'yan takara da waɗanda aka ƙi su yi daidai da abin da aka samu a akwati, kuma kada su wuce adadin mutanen da aka tantance. Ni nan na taɓa yin wauta. Ƙirge ya ja har aka kira magariba, abokin aikina ya tafi neman ruwa, ni kuma alwala na neman kuɓuce mini. Na sa hannu tun ba a gama cike gurabun ba, na ruga masallaci. Babu wanda ya cuce ni, adadin ya fito daidai, amma daren nan ban runtsa ba, domin da an rubuta wani abu daban, sa hannuna ne a ƙasa. Tun daga ranar, ni da abokin aikina muke raba lokacin salla tun da safe, kuma ba na taɓa biro sai an cike komai. In akwai abin da ban yarda da shi ba, akwai gurbin rubuta dalilin ƙin sa hannu, a nan nake rubutawa.

Karɓi kwafinka kafin kowa ya tashi, ka ɗauke shi hoto ka tura, ka bi akwatin har cibiyar tattara sakamako. Mai ƙorafi yana da kwana 21 daga buga sakamako a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ya kai ƙara Babbar Kotu, kuma kwafin nan lauya zai fara tambaya. Ni a leda nake sa nawa in cusa a aljihun ciki, tare da tocila da biro biyu, don Afrilu da Mayu a Kumasi ruwa ba ya sallama.