Kafin ka sayi tsohon gida a gangaren tudu a bakin teku

Duk wanda ya ɗan daɗe a Turai har ya tara wani abu, wata rana zai ci karo da irin tallan nan: tsohon gida a gangaren tudu, teku shimfiɗe a ƙasa, itatuwan zaitun a kewaye, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. A can ƙarshen tallan sai a saka kalmomi uku, "yana buƙatar gyara". Irin waɗannan gidaje suna nan birjik a gaɓar Bahar Rum, daga Liguriya da Amalfi a Italiya zuwa kudancin Sifaniya da tsibiran Girka. Ba na hana kowa saye. Abin da nake so sabon zuwa ya gane shi ne, ginin da idonsa ya gani shi ne na ƙarshe a jerin abin dubawa. Takarda ce farko, sai ƙasar da gidan ke kai, sai hanyar da za ta kai ka ƙofarsa.

Fara da kanka tukuna: doka ta ba ka damar saye? A Sifaniya da Fotugal da Faransa baƙo na iya mallakar gida ba tare da wata doguwar magana ba, illa dai a biyun farko sai ya karɓi lambar da hukuma ke sanin sa da ita, NIE a Sifaniya, NIF a Fotugal. Italiya ma tana da tata lambar haraji, codice fiscale, amma tana da wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ne, kuma ba shi da izinin zama, ba zai saya ba sai idan ƙasarsa ma tana barin ɗan Italiya ya sayi gida a can. Tambayi wannan tun ranar farko.

Kuma kada wani dillali ya ruɗe ka da cewa gida zai jawo maka takardar zama a kowace ƙasa. Fotugal ta cire sayen gida daga tsarin bizarta ta masu zuba jari a 2023, Sifaniya ta rufe nata tsarin gaba ɗaya a watan Afrilun 2025. Mai bizar ziyara ta Shengen kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, ko da makullin gidan na aljihunsa. Aikin gyara kuwa bai san da wannan lissafi ba.

Yanzu ga inda ya kamata ka daɗe. Tsofaffin gidajen gaɓar teku kusan kowanne an taɓa yi masa ƙari: kaka ya rufe baranda ta zama ɗaki, uba ya ɗora bene, wani ya haƙa wurin wanka a lambu. Da yawa an yi su ba izini. A Italiya abin ya yi yawa har gwamnati ta buɗe ƙofar yafiya sau uku, a 1985 da 1994 da 2003, kuma har yau akwai takardun neman yafiyar da ke jibge a ofisoshin ƙananan hukumomi ba a yanke musu hukunci ba. Mai gida zai ce maka "ai mun shigar da takarda". Shigar da takarda daban, amincewa daban. Ranar da ka sa hannu, laifin ginin ya dawo kanka, kuma idan hukuma ta ce a rushe, kai za ka biya masu rusau ɗin. Ko ba a zo rusau ba, ba za a ba ka izinin gyara a kan ginin da bai halatta ba, sai ka zauna da kango.

Saboda haka ɗauki ma'aikacinka na kanka, injiniya ko mai zanen gini ko safiyo, wanda a Italiya ake kira geometra. Aikinsa ya je ofishin ƙaramar hukuma ya ciro duk izinin da aka taɓa bai wa gidan, ya ɗauko taswirar da ke ofishin rajistar filaye, sannan ya zo da ma'auni ya gwada su da abin da ke tsaye a ƙasa, ɗaki bayan ɗaki. Kada ka yarda da wanda dillali ya kawo maka, komai kirkinsa. Dillali la'adarsa yake jira, kuma sai ciniki ya faɗa zai same ta. Shi ma jami'in da doka ta ɗora wa ƙulla cinikin gida, notaio a Italiya, notario a Sifaniya, ba naka ba ne, ba na mai sayarwa ba ne. Zai duba sunan mai gida da bashin da ke kan gidan, amma ba zai hau tudu ya ƙirga maka tagogi ba. Lauya mai zaman kansa, wanda kuke jin harshen juna, kuɗinsa ba asara ba ne.

Kusancin teku ma, wanda shi ya ja ka, yana da dokarsa. Sifaniya tun 1988 ta keɓe mita 100 daga gaɓa a matsayin yankin kariya, mita 20 a wuraren da tuni suka zama gari a lokacin. Gidan da ke ciki za ka iya gyara shi, amma ba za ka ƙara masa tsawo ko faɗi ba. Faransa ta hana sabon gini a mita 100 a wajen gari tun 1986. Italiya kuwa, tun dokar 1985, duk abin da ke cikin mita 300 daga bakin ruwa yana ƙarƙashin kariyar kyawun wuri, ta yadda sauya kamannin gida daga waje, faɗaɗa taga ko canza rufi, na iya buƙatar izini na musamman da ke cin watanni. Idan burinka shi ne bangon gilashi mai kallon teku, nemi amsa kafin ka biya.

A tambayi kuma su wa ke da gidan. Yawancin irin waɗannan gidaje na gado ne, magada sun watsu, wani a Milan, wani a Ajantina, kuma sai kowa ya sa hannu. Idan gidan ya haɗa da gona, a Italiya manomin da ke maƙwabtaka na iya samun haƙƙin a fara yi masa tayin gonar, kuma idan aka tsallake shi yana da shekara guda ya karɓe ta a farashin da aka rubuta.

Sai ƙasa. Gangaren tudu kullum ƙasa yake son yi, abin da ke riƙe shi a waɗannan wurare shi ne katangun dutse da manoman da suka jera ba siminti, hawa bayan hawa, da ƙananan magudanan ruwa da ke tsakaninsu. Da manoma suka bar gonakin, katangun suka fara kumbura suna zubewa. A ranar 25 ga Oktoban 2011 ruwan sama ya kwaso laka da duwatsu ya binne titunan garuruwan Vernazza da Monterosso a Liguriya. A Nuwamban 2022 zaftarewar ƙasa ta kashe mutum 12 a garin Casamicciola da ke tsibirin Ischia na Italiya. Hukumomi suna da taswirar wuraren da ke cikin haɗarin zaftarewa da ambaliya, sa injiniyanka ya nemo inda filin ya faɗa, in da hali a kira masanin yanayin ƙasa ya duba. Kai ma da idonka za ka ga alamu: tsagewar bango mai tafiya a karkace kamar matakala, ƙofar da ba ta rufuwa daidai, katangar da ta yi ciki, bishiyar da ta sunkuya. Duba kuma abin da ke samanka. Katangar maƙwabci idan ta zube, a kan rufinka za ta sauka.

Je ka ga gidan da hunturu, bayan an kwana ana ruwa. Da bazara kowane gida kyakkyawa ne. A lokacin ruwa ne za ka ga bangon baya, wanda ya jingina da tudu, yana zufa, ka ji warin danshi a ɗakunan ƙasa. Fenti ba ya maganin wannan, sai an haƙa bayan bangon an yi wa ruwa hanya. Iskar teku kuma gishiri take ɗauke da shi, tana shiga siminti ta ci rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dakalin baranda daga ciki. Tsohon rufi mai asbestos, kayan gini mai cutar da huhu wanda Italiya ta haramta a 1992, sai kamfani mai lasisi ne zai cire shi. Wayarin da famfo ka ɗauka kawai sabbi za ka yi. Ka tambaya ko gidan na haɗe da magudanar gari ko sokawe yake amfani da shi.

Akwai wuta ma. Gobarar garin Mati a kusa da Atens, babban birnin Girka, ta kashe fiye da mutum 100 a Yulin 2018, kuma ƙuncin hanyoyin fita na cikin abin da ya sa asarar ta yi muni. Tambayi kamfanin inshora tun kafin ciniki ko zai karɓi gidan, da nawa.

Maganar hanya gajeriya ce amma ita ke cinye kuɗi. Tifa za ta iya kaiwa ƙofa? Idan matakala ce kawai, kowane buhun siminti a kafaɗa zai hau, kowane bokitin baraguzai a kafaɗa zai sauko, kuma a wasu sassan gaɓar Italiya har yau alfadarai ko jirgi mai saukar ungulu ke wannan aiki. Idan hanyar ta ratsa filin wani, ga haƙƙin wucewa a rubuce, domin mutuncin da ke tsakanin tsohon mai gida da maƙwabcinsa ba a sayar maka da shi ba.

Duk wannan bincike a gama shi kafin ka biya kafin alƙalami, don tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. A Italiya takardar tayin da dillali zai miƙo maka yana cewa "don a riƙe maka gidan ne kawai" tana zama yarjejeniya da zarar mai gida ya amince. A can da Sifaniya, yadda aka fi yi shi ne, in ka fasa, kafin alƙalaminka ya tafi, in mai gida ya janye ya biya ka ninki biyu. Faransa ce ke ba mai saye kwana 10 ya sake tunani. Idan an matsa maka, sa lauyanka ya rubuta cewa cinikin ya rataya ne a kan sakamakon bincike. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a fassara maka ba.

A lissafinka ka sa haraji. A Italiya, in daga hannun mutum ka saya, kashi 9 cikin 100 ne na ƙimar da ke rajista, kashi 2 idan gidan zamanka ne na farko kuma za ka mayar da rajistar zamanka garin cikin wata 18, sai dai gidan da aka yi wa rajista a ajin gidajen alfarma ba ya samun wannan rangwame. Banki zai tambaye ka asalin kuɗinka, don haka tara shaidarka tun da wuri, kuma komai ya bi ta banki. Wanda ya ce a rubuta ƙaramin farashi a ba shi sauran a hannu, laifi yake gayyatar ka, kuma kai ne za ka iya biyan harajin ribar bogi ranar da ka tashi sayarwa.

Da ɗan kwangila, karɓi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kowane aiki da kuɗinsa a gabansa. Biya shi mataki mataki bayan injiniyanka ya duba, ka riƙe kaso na ƙarshe sai an gama. Ware wani kuɗi a gefe, domin tsohon bango sai an buɗe shi ake sanin abin da ke ciki. A fara da katangu da magudanan ruwa da rufi, kicin da tayil su jira. In ba a garin kake zaune ba, biya wanda zai riƙa zuwa wurin aikin kowane mako yana turo maka hotuna, kuma ka sa a ranka cewa a watan Agusta yawancin magina a Italiya da Sifaniya hutu suke tafiya.