Babi na 7: Kula da Hannu Wajen Aiki da Kwamfuta

Kun iya kunna kwamfuta, kun iya rubuta sunanku da na garinku. Madalla. Saura kula da hannun da ke yin rubutun. Hannu in ya daɗe yana maimaita motsi ɗaya safe da yamma, jijiyoyinsa kan gaji su kumbura. Tela da mai kitso sun san wannan ciwo, haka ma masu shagon buga takardu, musamman lokacin rajistar JAMB da layi ba ya yankewa.

Darasi na 1: Zama

Ku zauna har bayanku ya taɓa jinginar kujera. Tafin ƙafa biyu su taka ƙasa. In ba su kai ba, a sa bulo ko katako. Ku miƙa hannu gaba, ƙarshen yatsu ya kusa taɓa gilashin kwamfutar, wato tazarar santimita 50 zuwa 70. Bakin gilashin na sama ya yi daidai da idonku. In ya yi ƙasa, a tara tsofaffin littattafai a ɗora shi a kai. Gwiwar hannu ta tsaya kusa da haƙarƙari, kafaɗu a sake.

Darasi na 2: Wuyan hannu

Wuyan hannu shi ne wurin da ake ɗaura agogo ko sa warwaro. Kowa ya taɓa nasa yanzu. A nan ne mafi yawanku ke kuskure, don haka za mu bi a hankali.

Ku ɗora yatsu a kan kibod, wato allon nan mai haruffa. Wuyan hannu ya miƙe sak. Kada ya lanƙwashe sama, kada ya lanƙwashe ƙasa, kada ya karkace gefe. Kada kuma a kwantar da shi a kan bakin tebur, domin bakin yana danne jijiyar da ke tafiya zuwa yatsu.

Ga yadda za a gane. Na kusa da ku ya ɗauki rula ya shimfiɗa ta daga bayan hannunku zuwa damtse. In ta kwanta lafiya, kun yi daidai. In kun ga haske a ƙarƙashinta, hannun ya lanƙwashe. A gyara, a sake gwadawa. Ba abin kunya ba ne, kowa daga nan ya fara.

Yanzu ku kifa kibod ɗin. Kun ga ƙananan ƙafafu biyu a bayansa? Ku naɗe su ciki. In suna tsaye, su ne ke tilasta wa hannu ɗagawa sama. Ku mayar da shi, ku ɗora yatsu, ku duba wuyan hannu. Ya miƙe?

Wani dattijo a ajinmu na yamma, duk sanda na gyara masa, kafin in kai kujera ta uku hannun ya koma kan bakin tebur. Har jan layi bakin ya yi masa a fata. Na ce, Baba, a riƙa duba hannun duk ƙarshen layi ɗaya na rubutu. Da haka ya saba. Ku ma ku yi hakan: ƙarshen layi, a duba hannu.

Haka nan wajen riƙe maus, wato ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur don motsa kibiya a gilashin kwamfuta. Ya kasance dab da kibod, a riƙe shi sako-sako kamar mai riƙe da ƙwai, wuyan hannu a miƙe.

Haba jama'a, wannan magana na faɗe ta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, amma da na juya baya sai a sake zubewa kan tebur. Hannun nan da shi za ku ci abinci, da shi za ku ɗauki jikoki. A miƙe shi.

Darasi na 3: Hutu

Duk bayan minti 30, ku tashi tsaye na minti 2. Kada a jira sai an kira sallah, tsakanin azahar da la'asar da nisa. Ku yarfa hannu kamar mai yarfe ruwa. Ku miƙa hannu ɗaya gaba, ku ja yatsunsa baya a hankali da ɗaya hannun, ku ƙirga 15, ku canja. In da zafi, a daina. Da kun koma zama, a fara duba wuyan hannu.

Darasi na 4: In ciwo ya fara

Alamarsa ita ce zogi, ko jin kamar kiyashi na tafiya a babban yatsa da biyun da ke bin sa, yawanci da dare. A rage aiki. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10 zuwa 15. Mai gyambon ciki kada ya sha maganin rage zogin nan, ibuprofen, sai likita ya yarda. In ciwon ya ƙi lafawa, ko kofi ya fara suɓucewa daga hannu, a tafi asibiti. Ban da tsaga.

Darasi na 5: Wayar hannu

A riƙe da hannu biyu. Dogon saƙo a aika shi da murya, a hutar da babban yatsa.