Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta bayanin kayan aiki ga wakilan ƙirƙirarriyar basira

Tun da kamfanin OpenAI ya ba manhajojinsa damar kiran kayan aiki na waje a watan Yunin 2023, kamfanin Anthropic kuma ya fitar da MCP, tsarin haɗa irin waɗannan manhajoji da kayan aiki na waje, a Nuwamban 2024, haɗa wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke aiwatar da aiki a madadin mutum, da zai duba kaya a sito ko ya tura kuɗi ya zo da sauƙi, har ga matashin da ke aiki shi kaɗai a Abuja. Abin da ake yawan mantawa shi ne, wakilin ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin, wato ƙaramar manhajar da yake kira don ta yi masa wani aiki. Sunan kayan aikin kawai yake karantawa, da bayani, da guraben da zai cike, kuma a kan waɗannan ukun yake yanke shawara.

Kuskure mafi yaɗuwa shi ne taƙaita bayani fiye da kima. Wanda ya rubuta "yana nemo kaya" ya san abin da yake nufi domin shi ya gina abin, amma wakilin tamkar sabon yaron shago ne da aka aika kasuwar Wuse ba a faɗa masa layi ko rumfa ba. Gyaran shi ne a faɗi abin da kayan aikin yake yi, da lokacin da ya dace a kira shi, da lokacin da bai dace ba, da irin amsar da yake dawowa da ita.

Wanda ya fi wannan haɗari, a ganina, shi ne barin gurbi ba tare da ma'auni ba. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, alal misali, yana karɓar adadin kuɗi ne a kwabo, ba a naira ba. Idan ɗan kasuwa ya ce a karɓi dubu hamsin daga hannun mai saye, bayanin kuma bai ambaci kwabo ba, wakilin zai iya rubuta 50000, abin da zai shigo ya zama naira 500, kuma babu gargaɗin da zai fito, tunda lambar ta halatta. Haka kwanan wata: 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris, don haka a tilasta tsarin ISO 8601 na shekara-wata-rana, wato 2025-04-03. Lambar asusun banki ta NUBAN mai alƙaluma 10 ita ma a bayyana cewa rubutu ce, domin idan aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko kan ɓace.

Kayan aiki biyu masu kama da juna su ma kan rikita wakili. Ko dai a haɗe su, ko kowanne ya faɗi abin da ya bambanta shi da ɗan'uwansa. Duk kayan aikin kuma da yake goge bayanai ko fitar da kuɗi, wajibi ne bayaninsa ya faɗi ƙarara cewa bakin alƙalami ya bushe da zarar an kira shi, kuma a nemi amincewar mai asusun tukuna.

Sai kuskuren auna ingancin bayani da ido kawai. Marubucin ya karanta, ya ga ya yi masa daidai, ya wuce. Awo na gaskiya shi ne a tara buƙatu irin waɗanda mutane ke rubutawa da gaske, har da masu gauraya Hausa da Turanci kamar yadda ake yi a Garki da Nyanya, a ba wakilin, sannan a duba ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike guraben daidai, da abin da ya yi bayan saƙon kuskure ya dawo masa. A sa buƙatun da ba sa bukatar kowane kayan aiki, don a ga ko zai kame hannunsa. Duk lokacin da aka canza manhajar wakilin ko kalma ɗaya a bayanin, a sake wannan gwaji daga farko.