Karatun tonon kufai a Zariya: yadda za ka shiga da ƙafar dama

Idan ka samu gurbi a sashen akiyoloji, wato ilimin tonon kufai, na Jami'ar Ahmadu Bello, ko kana shirin cike shi a JAMB, ka fara cire wa ranka cewa tonon zinariya ko gumaka za ka je yi. Aikin shi ne sanin yadda mutanen da ba su bar rubutu ba suka zauna: me suka noma, me suka dafa, me ya tashe su har garinsu ya zama kufai. Shaidunka su ne tsingaro da gawayi da toka da ƙashin dabba. Digirin shekara 4 ne, ana kuma yin sa a Ibadan da Nsukka. Darussan da ake haɗawa a jarrabawar shiga kuwa, ka duba littafin JAMB na shekararka da idonka.

A aji za a kai ka nesa tukuna, a ba ka labarin alkama da sha'ir da aka fara nomawa a Gabas ta Tsakiya shekaru kusan 10,000 da suka wuce, da tsofaffin matsugunai irin su Yariko. Ka riƙe su, za su fito a jarrabawa. Amma ka samu kwali ka manna a bangon ɗakinka, ka jera namu da hannunka. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, shekarunsa kusan 8,000. Dawa an fara noma ta a gabashin Sudan wajen shekaru 5,000 baya, gero kuma an samu shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na Mali wajen shekaru 4,500. Sai matsugunan Gajiganna a Borno, kusan shekaru 3,800, sai Nok a kudancin jiharmu ta Kaduna, wanda farkonsa ya kai kusan shekaru 3,500. Duk sabon wurin da malami ya ambata, ka nemo masa gurbi a kwalin. Da haka ne shekaru ke zama a kai ba tare da hadda ba.

Nok ɗin ma ka kula da shi. Duniya ta san shi da kawunan yumɓun da Baturen Ingila Bernard Fagg ya fara nazari a shekarun 1940. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tace daga ƙasar wuraren, tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya. Ƙwayar nan da ba ta kai kan ashana ba ita ta faɗa mana abin da ke cikin tukunyarsu.

Zariya ta yi wa ɗalibi gata, don wuraren tarihi na kewaye da shi. Ga Dutsen Kufena da ganuwarsa, ga ganuwar birni, ga Turunku a hanyar Kaduna, ga kuma gefen Kubanni inda aka tono tsofaffin wuraren narka tama a yammacin Samaru a shekarun 1970. Ka riƙa fita da ƙafa, musamman bayan girbi lokacin da ciyawa ta kwanta, ko bayan ruwan farko ya wanke ƙasa. Ka leƙa bakin kwazazzabo, nan zaizaya ke yanka ƙasa ta nuna maka hawa-hawanta kyauta. Idan ka ga tudu mai toka-toka a tsakiyar gona, ko kukoki sun taru wuri guda ba gida kusa, ka tsaya ka duba ƙasa.

Ka tsuguna a kan tsingaro guda. Duba bakinsa, ko na tulu ne ko na tukunyar tuwo. Duba bayansa: akwai zanen da aka yi da murɗaɗɗiyar igiya, akwai na sassaƙaƙƙen icce, akwai wanda aka mirgina totuwar masara a kan ɗanyen yumɓu. Na ƙarshen nan ya ba ka lokaci, tunda masara daga nahiyar Amurka ta zo bayan 1492, tukunyar ba za ta girmi haka ba. Haka ma lofen taba. Sannan ka kalli karayarsa a hasken rana, wani lokaci za ka ga gurbin ƙaiƙayin da maginiya ta kwaɓa da yumɓun, wanda a madubin bincike yake nuna irin hatsin da aka sussuka a gidan.

Kada ka sa shi a aljihu. Wannan ita ce dokar da na fi so ka riƙe. Abin da aka ɗauke ba a rubuta inda yake da zurfinsa da abin da ke kusa da shi ba, ya tashi daga shaida. Ka ɗauki hotonsa a inda yake da ma'auni a gefe, ka ɗauki lambar wurin da GPS na wayarka, ka rubuta a littafinka da fensir, don biro na zuba idan ruwa ya taɓa shi. Tono kuwa sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma ƙarƙashin malami. Rami ba ya tonuwa sau biyu. Tudun Daima a Borno da masani Graham Connah ya tona a 1965 da 1966 ya haura mita 10, kuma don an bi shi hawa-hawa ana rubutawa ne har yau ake karanta shi.

In an fita aikin fili da ku, ka nemi a sa ka a wajen tace ƙasa, ko da abokanka na rububin cokalin tono. Ana zuba ƙasar murhu ko ta juji a bokitin ruwa, a dama a hankali, gawayi da ƙonannun ƙwayoyi su taso sama, a tsiyaye su a kan ƙyalle mai laushi, a shanya a inuwa. Da su ake auna shekaru ta sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730. Saboda haka kowane ƙulli da takardar shaidarsa, kada na sama ya gauraya da na ƙasa.

Kafin ka taka gonar kowa, ka je gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci. Ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni daga Samaru, na zo neman sanin kufan nan," ka kuma nemi a haɗa ka da dattijo. Ka zauna da maginan tukwane ka ga yadda suke gini da gashi, ka zauna a maƙera ka koyi bambanta kashin tama, wato dattin da narka tama ke bari, da marmara. Gogaggen dutsen da manoma ke kira gatarin aradu, in an nuna maka, ka tambayi gonar da aka tsince shi.

Aikin kammala digiri kuma ka zaɓe shi tun kana aji 3. Kufai guda ƙarami da za ka iya zuwa da kuɗin motarka, ka zana taswirarsa, ka rarrabe tsingaronsa, ka ji ta bakin dattawan wurin, sannan ka kai wa malaminka littafin filin ya duba kafin ka fara rubuta babi na farko.