Fentin da ke jure zafi da man birki a kalifar babur

Abu biyu ne ke kashe fenti a kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai: zafi da man birki. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 na cin fenti kamar tina, shi ya sa fentin gwangwani na gama-gari ba ya daɗewa, sai ka ga ya kumbura yana ɓarewa. Nemi wanda aka yi musamman don kalifa, irin na kamfanin VHT mai jure zafin kusan digiri 480 na Salsiyos. Wanda ya fi shi ƙarko shi ne mai haɗi biyu, wato fenti da sinadarin da ke sa shi tauri, amma da zarar ka haɗa dole ka shafe shi cikin 'yan sa'o'i.

Rabin aikin yana wajen shiri. Cire kalifar, ka goge ta da burushin ƙarfe, sannan samfefa mai lamba 320 zuwa 400. Wanke ta da maganin wanke birki, ba da fetur ba. Fetur na barin maiƙo, fenti kuwa ba ya kama maiƙo. Yawancin kalifofin babur na alminiyom ne, don haka duba gwangwanin ko yana buƙatar fentin share fage.

Rufe fistin, robobi, ramukan noti da bakin fitar da iska da salatif. Kada fenti ya taɓa takalmin birki ko inda yake kamawa a faifai, birki zai yi santsi.

Fesa siriri sau uku, minti 10 tsakani, da takunkumi a hanci. Bar ta ta kwana kafin ka mayar, kuma man da ya ɗiga lokacin fitar da iska, wanke shi da ruwa nan take.