Yadda Za Ka Nemi Kuɗinka a Birtaniya In Ka Yi Babbar Sayayya da Katin Bashi

Sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya ɗora wa bankin da ya ba ka katin alhaki ɗaya da mai sayarwa, in kaya ba su iso ba ko suka zo da matsala.

1. Fara duba farashi. Dole kayan ya haura fam 100, kada kuma ya wuce fam 30,000. Farashin abu guda ake kallo, ba jimlar rasit ba: kujeru biyu na fam 60 kowace ba su shiga. Amma ko kafin alƙalami kaɗai ka biya da katin, kariyar ta shafi dukan kuɗin. Nan mutane da yawa ke tafka asara don rashin sani, abin yana damuna.

2. Tuntuɓi mai sayarwa a rubuce.

3. Haɗa rasit, saƙonni da hoton kayan, misali firijin da ya iso a lotse.

4. Rubuta wa bankin, ka ambaci sashe na 75 ƙarara.

5. In bankin ya ƙi, shigar da ƙorafi a wurinsu. Suna da mako 8 su amsa. In ba ka gamsu ba, ka kai ƙara Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta rikici tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu, cikin wata 6 daga amsarsu ta ƙarshe, kyauta ne.