Yadda ake kula da ɗinkin wuya bayan aikin maƙoƙo

Duk wanda aka yi wa aikin maƙoƙo a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ko wani asibiti a Kumasi ta ƙasar Ghana, kada ya yarda a sallame shi sai ya tambayi likita da me aka rufe masa wurin, domin daga amsar nan kulawar gida take farawa. Ana yin yankan ne a kwance, a ƙasan wuya, a bi layin da fata take naɗewa don tabon ya ɓuya a cikinsa. Yawanci ana ɗinkewa ta ƙarƙashin fata da zaren da jiki ke narkarwa da kansa, wanda ba ya buƙatar cirewa. Wasu likitocin suna amfani da zaren da ake warwarewa cikin mako guda, wasu da ƙananan ƙarafa masu maƙalewa, wasu kuma da gam na asibiti ko siraran filasta. Gam da filasta a bar su su ɓare da kansu, kada a sa farce.

Kwana na farko shi ne mafi haɗari. Idan wuya ya fara kumbura da sauri, ko numfashi ya yi wuya, to jini ne mai yiwuwa yake taruwa a ciki, sai a kira ma'aikatan jinya nan take, in kuwa an riga an koma gida a buga 112 ko a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Haka nan jin leɓe ko yatsu kamar ana tsira musu allura, alama ce ta raguwar sinadarin kalsiyam, wadda takan bayyana cikin kwana 3 na farko. Dushewar murya takan faru, kuma galibi tana warwarewa.

A gida, a riƙa wanke wurin a hankali idan likita ya ba da izinin wanka, a tsane shi da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba. A ɗaga kai da matashi biyu wajen barci. Mata su sassauta hijabi don kada ya riƙa cizon ɗinkin, kuma wanda sujada ke ja masa wuya ya yi salla a zaune. Abin da na fi jin tsoro ga 'yan'uwanmu na Aboabo da Asawase shi ne gaggawar komawa kasuwar Kejetia: ɗaukar kaya a ka ya dakata aƙalla mako 2, har sai likita ya duba.

Kada a shafa toka, ko garin magani, ko man kaɗe a kan ɗanyen ciwo, ko wace ce ta kawo shi da kyakkyawar niyya. Mai sai bayan fata ta haɗe sarai. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, saboda haka wanda ya taɓa samun irinsa a hujin kunne ya faɗa wa likita tun kafin aiki. A kare tabon daga rana, a kuma yi haƙuri da shi, domin yakan kai shekara kafin ya kwanta.

Wanda aka cire masa ƙwayar wuyan da ke kawo maƙoƙo (tairod) duka zai sha maganin lebotairoksin, mai maye gurbin sinadarin da take samarwa, iya rayuwarsa, kullum da safe da ruwa kawai, a jira rabin awa zuwa awa guda kafin koko da ƙosai, sannan a koma gwajin jini bayan mako 6 zuwa 8 don a daidaita adadin.